Abdou Moumouni Dioffo: Ɗan Tasawa da ya mayar da zafin rana abin amfani

Farantan sola da suka cika kasuwannin Gusau da Kano a yau galibi daga ƙetare ake shigo da su. Amma tun fiye da shekara 50 da suka wuce, wani masani haifaffen ƙasar Hausa ya duƙufa wajen ƙera na'urorin amfani da hasken rana a nan gida. Shi ne Farfesa Abdou Moumouni Dioffo.

An haife shi a Tasawa da ke jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar ranar 26 ga Yuni, 1929. Ya fara karatu a Damagaram da Yamai, ya wuce makarantar William Ponty ta Senegal, daga nan ya tafi Faransa ya karanci kimiyyar fiziks. A 1956 ya ci jarrabawar malanta mafi daraja ta Faransa a wannan fanni, a 1967 kuma ya sami digirin digirgir a Paris.

Bayan ya koyar a Dakar da Konakiri, ya je Tarayyar Sobiyet ya ƙware a kan makamashin rana. A 1964 ya kafa ɗakin binciken makamashin rana na ƙasar Mali a Bamako. A shekarar ce kuma littafinsa kan ilimi a Afirka ya fito, inda ya soki tsarin karatun da Turawan mulkin mallaka suka bari, ya nemi a koyar da yara da harsunansu.

A 1969 ya koma gida ya karɓi ragamar ONERSOL, hukumar makamashin rana ta Nijar, ya riƙe ta har 1985. A ƙarƙashinsa injiniyoyi da maƙeran ƙasar suka ƙera na'urorin ɗumama ruwa da na tace shi, da murhun girki marar itace. Dabarar ba ta da wuya: baƙin faranti a ƙarƙashin gilashi yana tsotsar zafi ya ɗumama ruwan bututu, madubi mai lanƙwasa kuma yana tattara haske a gindin tukunya. A ƙasar da fari da saran itace ke gayyato hamada, kowace tukunya da ta dahu da rana bishiya ce aka tsirar.

Ya zama shugaban Jami'ar Yamai a 1979. Allah Ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 7 ga Afrilu, 1991, aka raɗa wa jami'ar sunansa a 1992.

Arewacin Najeriya ma na da irin wannan cibiya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Abin da rayuwar Abdou Moumouni ta nuna shi ne, ɗakin bincike yana cin sunansa ne idan abin da ya ƙera ya kai ga madafar talaka da shagon ɗan kasuwa.