James Parkinson, lokotoron da ya gane ciwo tun daga tafiyar mutane

An haifi James Parkinson ran 11 ga Afrilu 1755 a unguwar Hoxton, cikin birnin Landan na ƙasar Ingila. Ubanshi lokotoro ne, shi kuma ya gaje shi, ya yi ta duba talakawan unguwar har ƙarshen ranshi. Ya rubuta ƙasidu na neman a ba talakawa haƙƙinsu, har majalisar sarki ta kira shi bincike a 1794. Yana kuma cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masanan duwatsu ta Landan a 1807.

Amma abin da ya ɗaukaka sunanshi, wani ɗan littafi ne na 1817 bisa ciwon makyarkyata. Mutum 6 kaɗai ya bayyana a ciki, 3 daga cikinsu a kan titi ya gan su. Ya lura ciwon yana shigowa a ɓoye, har maras lafiya ba ya iya tuna ranar da ya soma. Da farko hannu ɗaya ke rawa. Bayan shekaru mutum ya duƙa gaba, takunshi ya gajarce, ya riƙa sauri kamar ana tura shi. Ya kuma ambaci rashin barci da taurin ciki. Gurinshi shi ne a gane ciwon da wuri, a tare shi kafin ya yi ƙarfi.

Ya rasu a 1824 ba tare da an damu da littafin ba. Sai bayan wajen shekara 50 lokotoro Charcot na birnin Pari ya raɗa wa ciwon sunanshi.

Yau an san ciwon yana zuwa ne idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu yin sinadarin dopamin suka mutu. An kuma gane wasu alamu suna iya riga makyarkyata da shekaru: rashin jin ƙanshi, taurin ciki, da ihu ko duka cikin mafarki. Alama ɗaya ba ta tabbatar da ciwon. Har yanzu babu maganin warkewa, amma levodopa da motsa jiki suna rage wahala ƙwarai.

Saboda haka, jama'a masu karatu, in kun ga hannun dattijo yana rawa alhali yana zaune, kada ku ce tsufa ne kawai. Ku kai shi wurin lokotoro.