Izaak Walton: Masuncin Da Bai Daina Koyo Ba

Ba a koyon su a cikin ɗaki. Yaron da ya tashi a bakin Kogin Iku a Suleja, ko a gaɓar Gurara, ko cikin Sarkawan Yawuri da Argungu, ba takarda ce ta nuna masa inda tarwaɗa take kwana ba. Wani ne ya riƙe hannunsa, ya koya masa ɗaurin ƙugiya, ya kwaɓe shi in ya cika surutu a bakin ruwa, ya bar shi ya yi ta kuskure har hannunsa ya faɗa. Ubangiji Yesu ya san wannan sarai sa'ad da ya kira Bitrus da Andarawus da Yakubu da Yahaya daga bakin Tekun Galili. Bai miƙa musu littafi ya sallame su ba, sai ya kira su su bi shi, su zauna tare da shi, su ga yadda yake yi (Markus 1:16-20). Fiye da shekara ɗari uku da suka wuce, an yi wani ɗan kasuwa a Ingila wanda rayuwarsa ta zama hoton wannan gaskiya. Sunansa Izaak Walton, wato Ishaku a Hausance.

Maraya a hannun ubangida

An haifi Walton a garin Stafford wajen shekarar 1593. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙaramin yaro. Bai shiga jami'a ba, ba a kuma taɓa naɗa shi limamin coci ba. Da ya tasa sai aka kai shi birnin Landan koyon sana'a, ya yi shekaru a ƙarƙashin ubangida yana koyon cinikin yadi da kayan ɗinki. A 1618 aka karɓe shi cikin ɗaya daga cikin ƙungiyoyin 'yan kasuwar birnin, daga baya ya buɗe shagonsa a unguwar Fleet Street. Tun daga ƙuruciya ke nan ya saba da zama a ƙarƙashin wanda ya fi shi sani.

A 1624 aka ba John Donne, wanda ya shahara da wa'azi da waƙa, riƙon majami'ar St Dunstan, inda Walton yake sujada. Mai shago ya riƙa zama yana sauraron wannan wa'azi, har zumunci ya ƙullu tsakaninsu. Walton ya ɗauki Donne a matsayin wanda Allah ya yi amfani da shi ya juyo da zuciyarsa. Kafin Donne ya rasu a 1631, ya sa aka sassaƙa wa aminansa hatimi mai siffar Almasihu a gicciye bisa ƙarfen da ake tsai da jirgin ruwa da shi, alamar begen da ba ya jijjiguwa. Walton ya riƙe irin wannan hatimi har ƙarshen ransa, da shi ya hatimce wasiyyarsa.

Wani babba da ya jawo shi a jiki shi ne Sir Henry Wotton, tsohon jakadan Ingila a Banis, wanda ya zama shugaban makarantar Eton. Wotton mai son fatsa ne ƙwarai, sukan zauna tare a bakin Kogin Thames. Shi ne ya yi niyyar rubuta tarihin Donne, ya sa Walton ya tattaro masa bayanai, amma ya rasu a 1639 bai yi ba. Sai yaron aike ya ɗauki aikin, tarihin ya fito a 1640. Ta haka mai sayar da yadi ya zama marubuci. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai.

Shekarun baƙin ciki

Kada mai karatu ya zaci kwanciyar ran Walton ta mutumin da bai taɓa shan wuya ba ce. A 1626 ya auri Rachel Floud, Allah ya ba su 'ya'ya bakwai, dukansu suka rasu suna ƙanana. A 1640 ita ma Rachel ta bi su. Shekara biyu bayan haka yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da Majalisar Dokoki. Kirista ya zare wa Kirista takobi, kowane ɓangare yana riƙe da Littafi Mai Tsarki. A 1645 aka haramta littafin addu'ar da Ikilisiyar Ingila take sujada da shi, aka soke muƙamin bishop a 1646, aka fille kan sarki a 1649. An kori limamai da yawa daga majami'unsu, cikinsu har da abokan Walton na kusa. Shi kuwa bai sāke sheƙa ba, ya tsaya tare da ikilisiyarsa a lokacin da tsayawar take da hatsari.

Cikin wannan duhu ne, a 1653, yana da shekara sittin, ya fitar da littafin da ya sa duniya ta san shi, The Compleat Angler, ma'ana cikakken mai fatsa. Ana iya mamakin yadda mutum zai rubuta littafi a kan kamun kifi alhali ƙasa tana cin wuta. Amma masu bi da aka rufe wa ƙofofin sujadar da suka saba sun gane abin da yake nufi. Ya buɗe littafin da aya daga Yahaya 21, inda Bitrus ya koma su bayan mutuwar Ubangiji da tashinsa, ya rufe shi da gargaɗin Manzo Bulus a kan zaman natsuwa (1 Tasalonikawa 4:11).

Malami da almajiri a bakin kogi

An tsara littafin kamar hira. Wani gwanin masunci ya haɗu da wani maharbi a hanya, suka yi gardama a kan sana'ar wa ta fi. Maharbi ya yarda ya gwada, ya roƙi masunci ya zama malaminsa. Suka yi kwana biyar suna bin gaɓar Kogin Lea a arewacin Landan. Malami yana nuna masa halin kowane kifi, da lokacin da yake cin abinci, da yadda ake gyara shi a dafa. Almajiri ya yi ta jefawa a banza, wani lokaci kifi ya tsinke masa zare, malami kuwa bai kore shi ba. Har ya ba shi sandarsa ya gwada, don ya gane cewa matsalar ba ta sanda ba ce, ta hannu ce. Tsakanin darasi da darasi sukan yi zancen Allah, da godiya, da wadar zuci, su ba matalauta daga abin da suka kama. Malamin ya tuna wa almajirinsa cewa huɗu daga cikin manzanni masunta ne, uku daga cikinsu kuma su ne Yesu ya hau dutse da su ranar da kamanninsa suka sāke. Kafin su rabu, maharbin ya koyi su, ya kuma koyi yi wa Allah godiya.

Akwai wata irin fatsa da aka fi ganin ƙwarewa a cikinta, wato fatsa da ƙwaron roba na hannu, ko da yake a zamanin Walton ba roba ake sawa ba. Ba a soka wa ƙugiya tana ko wani abinci. Ana naɗe ta da gashin tsuntsu da ulu da zaren alharini har ta yi kama da ƙwaron da ke sauka a kan ruwa. Zaren kuwa da izgar doki ake tufka shi a lokacin. Masunci zai wurga shi a hankali, ƙwaron ya sauka kamar iska ce ta kawo shi, kifin ruwan sanyi da Turawa ke kira trout ya taso ya cafke. Duk wanda ya taɓa ganin yadda kifi ke tasowa kama shinge a farkon damina zai gane dabarar. Wuyarta ita ce kowane wata da irin ƙwaronsa, ruwan kuma garau yake, kifi yana hango inuwar mutum. Dole masunci ya lura, ya rage tsawo, ya yi shiru, ya jira. Hannu ba ya iya wannan wurgi sai an tsaya kusa da gwani an gani.

Tsoho ya zauna ya koya

A nan ne halin Walton ya fito fili. Shi gwanin fatsa da tana ne, bai ƙware a ta ƙwaro ba, bai kuwa ɓoye ba. Abin da ya rubuta a kanta tun farko ya ambata cewa daga wani masunci mai suna Thomas Barker ya samo shi. Daga baya ya shaƙu da Charles Cotton, wanda aka haifa a 1630, ya kuma tashi a bakin Kogin Dove inda ake wannan irin fatsa. Walton ya girme shi da shekara 37. Cotton yana kiransa uba, shi kuma yana kiransa ɗa. A 1674 Cotton ya gina ɗan ɗakin masunta a bakin kogin, ya sa aka sassaƙa haruffan farkon sunayensu a sarƙe a bisa ƙofa.

Da za a sāke buga littafin karo na biyar a 1676, Walton ya haura shekara tamanin, sunansa ya riga ya kafu. Duk da haka ya ba ɗan nasa fili ya rubuta kashi na biyu a kan abin da ya fi shi sani. Cotton ya gama cikin kwana goma ko kusa da haka, ya jera irin ƙwarin da ake ɗaurawa wata bayan wata, fiye da sittin. Tun daga lokacin ake buga kashi biyun tare. Uba ya koya wa ɗa natsuwa da tsoron Allah, ɗa ya cike wa uba abin da ya rasa, ba wanda ya ji girmansa ya ragu.

Abin da ya bari

Wajen 1647 Walton ya auri Anne Ken, 'ya'ya biyu suka rayu, ɗansa Isaac ya zama limami a Salisbury. Ƙanen Anne, Thomas Ken, ya rasa iyayensa da wuri, ya tashi yana ganin halin mijin yayarsa. Shi ne ya zama Bishop na Bath da Wells a 1685, yana kuma cikin bishop bakwai da Sarki James na Biyu ya tsare a 1688 don sun ƙi bin umarnin da lamirinsu bai yarda da shi ba. Gajeren baitin yabon Triniti da ya rubuta ana rera shi har yau cikin harsuna masu yawa.

Walton ya ci gaba da rubuta tarihin bayin Allah: Wotton a 1651, Richard Hooker a 1665, George Herbert a 1670, Bishop Robert Sanderson a 1678. Nufinsa shi ne ya ajiye wa na baya mutanen da za su kalla su kwaikwaya. Bayan an maido da sarauta a 1660 ya yi hidima a gidan abokinsa Bishop George Morley. Ya rasu a Winchester ranar 15 ga Disamba 1683, yana da shekara casa'in, aka binne shi a babbar majami'ar garin. A wasiyyarsa ya tanadi cewa kuɗin hayar gonarsa ta Shallowford ya koma ga matalautan Stafford: kowace shekara a sa yara maza biyu koyon sana'a, a taimaki wata budurwa marar gata da kuɗin aure, a saya wa mabukata gawayi lokacin sanyi. Maraya bai manta da cewa wani ne ya riƙe hannunsa ba.

Darasi ga gidajen masu bi

Kwatanci yana da iyaka. Mai fatsa yaudarar kifi yake yi domin ya kashe shi, mai bishara kuwa an hana shi yaudara da murɗe Maganar Allah (2 Korantiyawa 4:2), kamunsa na rai ne. Inda kwatancin ya zauna daidai shi ne wajen koyo. Bangaskiya baiwa ce daga Allah, amma tafiya cikinta a wurin mutane ake ganinta. Timoti ya fara ganin bangaskiya a wurin kakarsa da mahaifiyarsa, sannan Bulus ya ɗauke shi, ya kuma umarce shi ya danƙa abin da ya koya ga amintattun da za su koya wa waɗansu (2 Timoti 1:5, 2:2). Afolos ma, da dukan iliminsa da iya maganarsa, ya zauna Akila da Bilkisu suka ƙara masa haske (Ayyukan Manzanni 18:24-26).

Iyaye da yawa suna kuka cewa 'ya'yansu sun haddace ayoyi a Makarantar Lahadi, amma da suka tafi babbar makaranta ko neman aiki a Abuja sai suka yi sanyi. Sau da yawa an ba su sanda da ƙugiya ne, ba a taɓa kai su bakin ruwa ba. Sa'a biyu a mako ba ta isa. Yaro yana bukatar ya ga mahaifinsa yana addu'a ranar da albashi bai zo ba, ya ga mahaifiyarsa ta yafe wa maƙwabciyar da ta zage ta, ya ji babba ya ce bai sani ba, zo a bincika tare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ba da tsawa ba, da hannu.

Dattawan ikilisiya da shugabannin Zumuntar Mata su ma suna da rabo. Kowace majami'a tana da marayu da sababbin tuba da matasan da ba su da mai riƙe hannunsu. Kowane mai bi da ya manyanta ya kamata ya iya ambaton sunan mutum ɗaya da yake tafiya da shi, da kuma mutum ɗaya da shi kansa yake koyo a wurinsa, ko da ya girme shi. Walton bai hau bagadi ya yi wa'azi ba ko sau ɗaya. Ya saurari manya, ya jawo ƙanana, ya jimre da rashin da zai karya zuciyar mutane da yawa, ya kuma yarda a koya masa yana da furfura. Allah ya tayar da irinsa a cikin gidaje da ikilisiyoyin ƙasar nan. Amin.