Earl Sutherland, Likitan Da Ya Gano Ɗan Aiken Cikin Gida

An haifi Earl Sutherland ran 19 ga Nuwamba, 1915, a Burlingame, wani ɗan ƙaramin gari na ƙasar Amurka. Ubansa mai kanti ne, shi kuwa da ƙwadagon asibiti ya biya kuɗin makarantarsa. Cikin 1942 ya sami shaidar likita a birnin St. Louis, ya tafi yaƙin Hitila yana duba sojoji. Da aka gama ya komo wurin malaminsa, Carl Cori, ya duƙufa kan tambaya guda wadda ta ci sauran kwanakinsa.

Ga tambayar. In maharbi ya yi arba da ɓauna a dajin Birnin Gwari, nan take jikinsa ya saki wani sinadari cikin jini, sunansa adirinalin. Da ya kai hanta sai ta fid da sukarin da ta ajiye, mutum ya sami ƙarfin gudu. Irin waɗannan manzanni na jini su ake kira homon. To, amma ta yaya ƙwayoyin halitta na hanta ke jin saƙon?

Cikin 1953 ya koma jami'ar Western Reserve a Cleveland, inda ya yi aiki da Theodore Rall. Suka niƙa hantar kare, suka ware fatun ƙwayoyin dabam, ruwan cikinsu dabam. Suka zuba adirinalin a ruwan, shiru. Da suka zuba shi kan fatun sai wani sinadari ya fito, wanda ko tafasa ba ta kashe shi, shi ne kuwa ya ta da aiki cikin ruwan. Cikin 1957 suka bayyana shi, ana kiransa cAMP.

Watau ƙwayar halitta kamar gidan ba-shiga take. Baƙo ya tsaya zaure ya yi sallama, yaron gida ya kai saƙo ciki.

Bayan haka aka ga ashe ba adirinalin kaɗai ke tsayawa zaure ba. Cikin 1961 Harold Copp na Kanada ya gano kalsitonin, homon mai rage sinadarin kalsiyam cikin jini. Daga wuya yake fitowa, daga tsokar nan da kan kumbura ta zama maƙoƙo. Cikin ƙashi akwai waɗansu ƙwayoyi masu cin tsohon ƙashi su zuba kalsiyam a jini. Kalsitonin kan sauka kan makarɓarsa a fatarsu, makarɓar ta taɓa wani furotin da ake kira G, shi kuma ya sa a ƙera cAMP. Da ya yawaita sai ƙwayar ta takure, ta bar cin ƙashi. Don haka likitoci kan ba da shi ga wanda kalsiyam ya hau masa ƙwarai.

Sutherland ya sami Lambar Nobel cikin 1971, yana jami'ar Vanderbilt. Ya rasu a Miami ran 9 ga Maris, 1974, yana da shekara 58. Bai ga lambar da Alfred Gilman, almajirin Rall, ya samu da Martin Rodbell cikin 1994 saboda furotin G ba, bai kuma ga ranar da aka tantance ginin makarɓar kalsitonin cikin 1991 ba. Amma duk bisa turbar da ya share suka bi.