Babe Ruth: ɗan wasan da Boston ta sayar, ta shekara 86 tana cizon yatsa

A ƙarshen watan Disamban 1919, mai ƙungiyar Boston Red Sox ta ƙasar Amurka, Harry Frazee, ya sa hannu a kan takardar sayar da ɗan wasansa mafi ƙwazo ga ƙungiyar New York Yankees a kan dala dubu 100. Fiye da shekaru ɗari bayan haka, duk lokacin da ake lissafin cinikin ƴan wasan da ɓangare ɗaya ya tafka asara a tarihin wasan besbol, da wannan ake farawa. Sunan ɗan wasan George Herman Ruth, wanda duniya ta fi sani da Babe Ruth.

Ga wanda bai saba da besbol ba, wasa ne da mutum ɗaya ke jefa ƙwallo, abokin hamayya kuma ya yi ƙoƙarin buga ta da gora, sannan ya zagaya tashoshi huɗu a guje domin ya ci maki. Idan ya buga ƙwallon ta ƙetare shingen filin, ya ci makin kai tsaye. Wannan bugun ƙetare shinge shi ne ya ɗaukaka sunan Ruth.

An haife shi ranar 6 ga watan Fabrairun 1895 a birnin Baltimore, inda mahaifinsa ke da mashaya. Ya taso da ƙiriniya da yawon titi, har iyayensa suka gaza da shi. Yana ɗan shekara 7 suka kai shi St. Mary's, wata makarantar horon yara da limaman Katolika ke riƙe da ita. A can ya yi mafi yawan ƙuruciyarsa, ya koyi ɗinkin riguna, kuma a can wani malami mai suna Matthias ya koya masa jifa da bugu.

A 1914, Jack Dunn, mai wata ƙaramar ƙungiya a Baltimore, ya ɗauke shi yana ɗan shekara 19. Abokan wasa suka laƙaba masa suna Babe, wato jinjiri, saboda ƙuruciyarsa. Kafin shekarar ta ƙare, Dunn ya shiga matsin kuɗi ya sayar da shi ga Red Sox.

A Boston, Ruth ya fara yin suna ne a matsayin mai jifa da hannun hagu. A 1916 ya ci wasanni 23, kuma yana cikin ƙungiyar lokacin da ta ɗauki kofin World Series, wanda shi ne kofi mafi girma a wasan, a 1915 da 1916 da 1918. Amma ƙarfin bugunsa ya sa aka fara rage masa jifa domin ya riƙa riƙe gora kullum. A 1919 ya yi bugun ƙetare shinge sau 29, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa a kaka guda.

Daga nan rikici ya taso. Ruth yana karɓar dala dubu 10 a shekara, ya ce sai an ninka masa, in ba haka ba ba zai sake wasa ba. Ga shi kuma ba ya jin magana: yawon dare, shan giya, da saɓa wa masu horarwa. Frazee, wanda asalinsa mai shirya wasannin kwaikwayo ne, yana da bashi a wuyansa tun sayen ƙungiyar a 1916, ga Red Sox ta ƙare kakar 1919 a matsayi na shida. Sai ya karɓi tayin masu Yankees, Jacob Ruppert da Tillinghast Huston. Ban da dala dubu 100 ɗin, waɗanda aka raba biyansu kashi huɗu, ya samu rancen dala dubu 300, ya ba da filin wasan ƙungiyar, Fenway Park, a matsayin jingina.

Ba a nemi ra'ayin Ruth kafin ƙulla cinikin ba. A wancan zamani, dokar kwantiragi ta ɗaure ɗan wasa ga ƙungiyarsa, ba shi da ikon zaɓar inda zai koma, kuma sai a tsakiyar shekarun 1970 ƴan wasan besbol suka samu wannan ƴanci. Abin da ya iya yi kawai shi ne neman ƙarin albashi, Yankees kuwa ta ninka masa.

Frazee ya yi lissafin wahalar riƙe yaron da kuɗin da zai ci. Masu Yankees suka dubi yadda jama'a ke tururuwa domin ganin ƙwallo ta tashi sama ta ɓace. A 1920 Ruth ya yi bugun ƙetare shinge sau 54, alhali duk ƴan wasan Red Sox a haɗe sun yi 22. A shekarar, ƴan kallon Yankees suka haura miliyon ɗaya, karo na farko da wata ƙungiya ta kai haka. Wannan ya zo daidai lokacin da martabar wasan ta zube, bayan da aka gano cewa wasu ƴan wasan Chicago White Sox sun karɓi cin hanci sun sayar da World Series ta 1919.

Kuɗin shigar ya ba Yankees damar gina katafaren filinta, Yankee Stadium, wanda aka buɗe ranar 18 ga watan Afrilun 1923. Red Sox ce baƙuwa a wasan farko, kuma Ruth ya buga ƙwallo ta ƙetare shinge. An sayar da akuya, ta dawo tana cin danga. A shekarar ce Yankees ta ɗauki kofinta na farko, ta ƙara uku tare da shi a 1927 da 1928 da 1932. A 1927 ya kai bugu 60, adadin da ya tsaya har 1961. A 1930 albashinsa ya kai dala dubu 80, ya zarce na shugaban ƙasar Amurka na lokacin, Herbert Hoover.

A Boston kuwa al'amura sai ƙara lalacewa suke yi. Frazee ya ci gaba da mika wa Yankees wasu ƙwararru, irin su Waite Hoyt da Herb Pennock, kafin ya sayar da ƙungiyar a 1923. Tsakanin 1922 da 1932, Red Sox ta zo ta ƙarshe sau tara. Daga baya ta kai wasan ƙarshe a 1946 da 1967 da 1975 da 1986, kowane karo tana faɗuwa a wasa na bakwai. Magoya baya suka riƙa kiran abin la'anar Bambino, wani laƙabin Ruth.

Shi ma Ruth bai gama da daɗi ba. Babban burinsa shi ne ya zama mai horar da Yankees, amma shugabannin ƙungiyar ba su yarda mutumin da ya sha karya doka zai iya riƙe wasu ba. A 1935 suka sallame shi ya koma ɗaya ƙungiyar birnin Boston, wato Braves. Jiki ya yi nauyi, ƙarfi ya ragu. Ranar 25 ga watan Mayu ya yi bugun ƙetare shinge sau uku a Pittsburgh, bayan ƴan kwanaki ya ajiye gora da jimillar 714, wadda sai a 1974 Hank Aaron ya wuce ta. A 1936 yana cikin mutum biyar na farko da aka shigar zauren karrama gwarzayen wasan, amma har ya mutu babu babbar ƙungiyar da ta damƙa masa ragamarta.

Cutar kansa ta yi ajalinsa a New York ranar 16 ga watan Agustan 1948, yana da shekara 53. An ajiye gawarsa a Yankee Stadium, dubun dubatar mutane suka yi jerin gwano domin yi masa ban kwana.

Red Sox ba ta sake ɗaukar kofin ba sai a 2004, shekara 86 bayan na 1918. A kan hanya ta fitar da Yankees, bayan ta sha kashi a wasanni uku na farko ta kuma ci huɗu a jere. Kafin wannan rana, ƙungiyar da ba ta da kofi ko ɗaya lokacin da ta sayi Ruth ta riga ta tara 26.