Malam Sa'adu Zungur: Malamin Duba-Gari, Uban Ƙungiyoyi

'Yan'uwa mazauna Kurmi, yau za mu tuna da wani ɗan Arewa da ya riga mu shan ruwan Ikko, watau Marigayi Malam Sa'adu Zungur na Bauchi.

An haife shi a gidan malamai, ya yi karatun Alƙur'ani da na littattafai tun yana yaro. Daga nan ya shiga Kwalejin Katsina, kuma a 1934 ya zama ɗan Arewa na farko da ya shiga Babbar Kwalejin Yaba. Da ya koma Arewa sai ya kama aikin lafiya, ya koyar da ma'aikatan duba-gari a makarantar tsabta, a Kano da kuma Zariya.

A wancan zamani agana da sanƙarau sukan yi wa garuruwa ɓarna ƙwarai. Likitoci kaɗan ne, jama'a kuwa suna tsoron duba-gari, har wasu kan ɓoye majiyyaci a ƙuryar ɗaki. Ma'aikacin lafiya ba ya shiga gida sai da hannun mai unguwa da yardar mai gida. Ashe maganin annoba ba allura kaɗai ba ce, sai an haɗa da wayar da kai.

Wayar da kan nan ita ce ta zama aikin Malam Sa'adu. A Zariya ya kafa ƙungiyar tattaunawa ta 'yan boko. Da ciwon huhu ya mayar da shi gida, bai kwanta ba, yana cikin waɗanda suka raya Taron Tattaunawa na Bauchi tare da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1948 ya dawo Ikko ya zama sakataren jam'iyyar NCNC, daga baya ya mara wa NEPU baya. Waƙarsa ta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya har yau ana nazarinta.

Ya rasu a 1958 yana da shekara arba'in da 'yan kai. Jami'ar Jihar Bauchi tana ɗauke da sunansa.

To, mu da ke Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan muna da sarakunan Hausawa da limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa. In amai da gudawa ya ɓulla a unguwa, kada mu ɓoye majiyyaci. Shugabanninmu su shiga gaba, su raka ma'aikatan lafiya gida-gida, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya jiƙan Malam Sa'adu, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.