Sarkin Musulmi Muhammadu Bello: Malamin Da Ya Rubuta Littattafan Magani

A wannan fitowa za mu leƙa Sakkwato ne, mu ga rayuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda.

'Yar uwa, bari in faɗa miki abin da ya sa na zaɓo shi. Ni a Dawanau nake, garin da in an ambace shi wasu kasuwar hatsi ke faɗo musu a rai, wasu kuwa asibitin masu taɓin hankali. Har wasa ake yi da sunan, in mutum ya yi wauta a ce za a kai shi Dawanau. To wannan wasa ya sa wasu gidajen sun gwammace su kulle maras lafiya a ɗaki da a ji an kai shi asibiti. Wasu ma cewa suke yi neman magani a wurin likita raunin tawakkali ne. Shi ya sa na ce bari mu duba yadda ɗan Shehu da kansa ya ɗauki wannan al'amari.

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781, sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Ya tashi a Ɗagel, inda ya yi karatu a gaban mahaifinsa da kuma baffansa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Yana da shekara kamar 23 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, kuma yana cikin manyan jagororin jihadi har aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Shi ne ya gina birnin Sakkwato a 1809. Da Allah Ya yi wa Shehu rasuwa a 1817 sai aka yi masa mubaya'a, ya riƙe jama'a shekara 20.

Duk da yaƙe-yaƙe da hidimar mulki, Bello bai ajiye alƙalami ba. Da yawanmu mun san Infaƙul Maisuri, littafinsa na tarihi. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne ya yi rubuce-rubuce a kan ilmin magani, wato ɗibbu. Yana da littafi a kan ciwon ido, da wani a kan basir, da wani a kan tsutsar ciki, da wasiƙa a kan ciwon ƙoda da maganinsa. Hasali ma ya ware rubutu guda a kan filasko, ganyen nan mai wanke ciki wanda ambatonsa ya zo a hadisi. Yakan ɗebo daga hadisan Manzon Allah (SAW) da kuma littattafan malaman ɗibbu na Larabci, ya tsara wa jama'a yadda za su amfana. Ki duba cututtukan nan da kyau, uwargida. Ba su ne dai muke fama da su a gidajenmu har gobe ba? Kin ga ke nan Sarkin Musulmi guda bai ga ya fi ƙarfin ya zauna ya yi bincike a kan tsutsar cikin yaro ba, bai kuma ji kunyar ambaton basir ba.

Akwai wani abin kuma. A 1824 wani Bature ɗan Birtaniya mai suna Hugh Clapperton ya biyo ta Kano ya isa Sakkwato. Bello ya karɓe shi, ya yi ta yi masa tambayoyi a kan ƙasarsu. Da zai koma sai ya ba shi wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila, George na huɗu, kuma cikin abubuwan da ya nema har da a aiko masa da likita. Clapperton ya sake dawowa a 1826, sai dai likitocin da aka haɗo shi da su babu wanda ya iso Sakkwato, shi ma a can ya mutu a 1827. Buƙatar ba ta biya ba, amma darasin yana nan. Malamin da ya fi mu sanin Alƙur'ani da hadisi, ya fi mu tawakkali nesa ba kusa ba, shi ne ya nemi likita daga ƙasar da ba ta Musulmi ba, domin ya san magani duk inda yake sababi ne, waraka kuwa ta Allah ce.

Wannan gida bai bar mata a baya ba. Ƙanwarsa Nana Asma'u, matar Waziri Giɗaɗo, wadda ta kafa 'Yan Taru don karantar da matan karkara, ita ma ta rubuta Tabshirul Ikhwan a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani. Wato addu'a da magani a gida ɗaya suka tashi, ba kishiyoyin juna ba ne.

Muhammadu Bello ya rasu a Wurno a 1837, kuma a can kabarinsa yake. Abin da ya yi fata bai samu ba, mu yau ga shi a ƙofar gida. Jami'ar da ke ɗauke da sunan mahaifinsa a Sakkwato tana da asibitin koyarwa inda ake yaye likitoci. Nan Kano akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga asibitin ƙashi na Dala, ga Jami'ar Bayero tana koyar da aikin gashi, irin wanda ake yi wa mai shanyewar ɓarin jiki ko yaron da ƙafarsa ta shanye don gaɓɓansu su dawo aiki.

Saboda haka 'yar uwa, in maijego ta fara surutai ko ta daina barci ko ta ƙi jaririnta, a yi mata addu'a, a kuma kai ta asibiti da wuri, ko da Dawanau ne, ba abin kunya ba ne. In tsoho ya sami shanyewar jiki, kada a jibge shi a ɗaki sai gaɓɓai sun sandare, gashi tun da wuri ya fi amfani. Mai ciki kuma kada ta sha filasko ko wani jiƙo ba tare da shawarar likita ba. Sannan mu da muke ƙorafin namiji ne ke duba mu a asibiti, in 'yarki ta nuna sha'awar karatun likita ko jinya ko gashi, ki lallashi maigida cikin ladabi ya bar ta. Ki ba shi labarin Bello da Asma'u.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya shirya mana zuri'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.