George Washington Carver, Bawan Da Ya Rayar Da Matattun Gonaki

A ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum damina ta sāke hali, takan makara, ta kuma ɗauke tun hatsi bai nuna ba. Saboda haka manoma suka rabu biyu: waɗansu sun dogara ga sabon iri mai saurin nuna irin wanda masanan Samaru ke fitarwa, waɗansu kuwa suna ganin gyaran ƙasa shi ne magani. Mun ga ya kyautu mu kawo tarihin wani mutum wanda ya san hanyoyin nan duka biyu.

An haifi George Washington Carver cikin bauta a jihar Misuri ta Amurka wajen 1864. Tun yana jariri mahara suka sace shi tare da uwarsa. Shi an samo shi, ita kuwa ba a ƙara jin ɗuriyarta ba. Bayan an hana bauta a 1865 ya yi ta yawon neman ilmi, yana wanki da dafa abinci don ya biya kuɗin makaranta. Wata kwaleji ta kore shi saboda baƙar fatarsa, amma bai karai ba, har ya sami babbar digiri ta aikin gona a Ayowa cikin 1896, inda ya ƙware wajen barbarar tsire-tsire.

A shekarar nan Booker T. Washington ya kira shi makarantar Tuskegee a jihar Alabama. Can ya tarad da 'yantattun bayi suna shuka auduga kowace shekara a gona guda, har ƙasa ta gaji, ruwa ya zaizaye ta. Ga talauci, ba su da kuɗin takin zamani. Carver ya fitar da nasa irin auduga, amma ya lura iri kome kyaunsa ba ya yin albarka a matacciyar ƙasa. Sai ya koya musu tara ruɓaɓɓen ganye da laƙar fadama da kashin dabbobi su yi taki, su kuma riƙa sauya auduga da wake da gyaɗa da dankali, gama saiwar wake da ta gyaɗa suna mayar wa ƙasa ƙarfinta. Cikin 1906 ya shirya keken doki mai ɗauke da kayan koyarwa, yana bin ƙauyuka, don manomin da ba shi da halin zuwa makaranta. Ya rasu ran 5 ga Janairu 1943, ya bar abin da ya tara don ci gaban binciken noma.

To, jama'a, mun ga abin da farin 1973 da na 1984 suka yi wa ƙasar nan. Iri mai saurin nuna alheri ne, kada mu ƙi shi. Amma ƙasar da ba taki ba ta riƙe laima, ko an yi ruwa kwana kaɗan sai shuka ta yi yaushi. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa suke haɗa gero da wake, suna barin gawo a gona, suna yarda Fulani su sauka da shanu bayan girbi. Muna roƙon malaman makarantunmu su koya wa yara wannan a gonar makaranta: a fara gyara ƙasa, sa'an nan a nemi iri.